Yaranmu Sun San Madrid, Ba Su San Jangorzo Ba

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni ɗan fili in faɗi albarkacin bakina game da wani al'amari da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Son ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa na Turai ya mamaye zukatan matasanmu a nan Maraɗi, har ta kai yaro ɗan shekara goma yana iya jero maka ƴan wasan Real Madrid da masu zaman benci ba tare da ya yi tuntuɓe ba, amma idan ka tambaye shi sunan mai tsaron gidan Dan Kasawa ko na Jangorzo, ƙungiyoyin garinmu, sai ya yi zuru yana kallonka.

Kusa da gidana a unguwar Zariya akwai wani gidan kallo, rumfar kwano ce da bencina da talabijin biyu, da janareto a bayanta saboda tsaro. Tun da hantsi mai gidan yake fito da baƙin allo ya rubuta wasannin ranar da alli, ya jingine shi a bakin hanya. Daren Talata da na Laraba, idan ana Kofin Zakarun Turai, da an sallame isha'i za ka ga masu kabu-kabu sun jera baburansu sun bar neman kuɗi, kowa yana lalube aljihunsa ya biya kuɗin shiga. Maiɗakina, wadda ba ta taɓa kallon wasa ko sau ɗaya ba, tana gane ƙungiyar da ta ci daga muryoyin da suka yi ihu, domin ta san ƴaƴan maƙwabta da ɓangaren kowannensu. Ba zan manta da daren 8 ga Maris 2017 ba, lokacin da Barcelona ta lallasa Paris Saint-Germain da ci 6 da 1 bayan an ci ta 4 da nema a Paris. Da safe na tarar da mai rumfar yana gyaran bencina biyu da aka karya don murna, yana yi yana dariya, domin shi ma ɗan Barcelona ne. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne kalmar da suke amfani da ita a fada wajen shan shayi: “mun ci ku”, “mun sayi ɗan wasa”, “mun kori kocinmu”, alhali mai maganar ko Yamai bai taɓa zuwa ba.

Wasu dattawa suna cewa wannan ragowar mulkin mallaka ne da ya maƙale a ƙwaƙwalwa. Ina girmama ra'ayinsu, amma ban yarda cewa shi ne duka labarin ba, kuma dole in yi adalci in faɗa cewa ni kaina ban tsira ba. Tun 1993 nake tare da Marseille, shekarar da ta doke AC Milan da ci ɗaya mai ban haushi ta ɗauki Kofin Zakarun Turai. Ba Faransa muke so ba a lokacin. Abin da ya ja mu shi ne Abedi Pele ɗan Gana ne ya bugo kwanar, Basile Boli haifaffen Abijan kuma ya sa mata kai. Idan aka bi diddigi, haka abin yake kusan ko'ina. Maƙwabtanmu na Najeriya sun rungumi Arsenal ne bayan Nwankwo Kanu ya je can a 1999, Chelsea kuma ta samu gindin zama a Afirka ta Yamma ta hanyar Didier Drogba da Michael Essien da Mikel Obi, musamman bayan wasan ƙarshe na 2012 da Drogba ya farke ƙwallo ya kuma ci fanaretin ƙarshe. Samuel Eto'o ya kai Barcelona gidajen Kamaru, Sadio Mané da Mohamed Salah suka kai Liverpool Senegal da Masar, kuma ko a Koriya ta Kudu sai da Park Ji-sung ya sa rigar Manchester United a 2005 kafin jama'arsu su riƙa hana idonsu barci dominta. Mutum yana bin ɗan'uwansa ne ya shiga gidan, ɗan'uwan ya tashi, shi kuma ya zauna har ya gadar wa ƴaƴansa.

Dalili na biyu shi ne ido. A ƙasar Norwe, wadda babu wanda ya yi mata mulkin mallaka daga Landan, gidan talabijin na gwamnati ya fara nuna wasannin Ingila kai tsaye ranar Asabar tun 1969, kuma har yau ƙasar cike take da magoya bayan Liverpool da Manchester United da Leeds. Abin da ido yake gani kowane mako, a kan lokaci, cikin hoto mai kyau, shi zuciya take sabawa da shi, kuma tauraron ɗan'adam da wayar hannu sun kawo mana wannan har cikin ɗaki.

To amma akwai wuraren da wannan guguwa ta zo ta tarar da ƙofa a rufe da sakata. Bamisire yana kallon Salah, amma idan Al Ahly da Zamalek za su kara, Alƙahira takan tsaya cak. A Tanzaniya wasan Simba da Yanga yana cika babban filin Darussalam maƙil. Ba sai mun je nesa ba ma: a Kano, da ke nan kudu da mu, mutum yana iya zama ɗan Chelsea da daddare, amma ranar wasan Kano Pillars za ka same shi a filin Sani Abacha yana ihun “Sai Masu Gida”, kuma ƙungiyar ta saka musu da kofin ƙasa a 2008 da 2012 da 2013 da 2014. Mu kanmu muna da shaida a gida. Tun da aka fara gasar takobi ta kokowar gargajiya a Tawa a 1975, wadda Kantu namu na Maraɗi ya lashe, ban taɓa ganin Bamaraɗen da ya bar ɗan kokowar jiharsa ya goyi bayan na wata ƙasa ba. Dalili kuwa a fili yake: an san lokacin gasar, rediyo da talabijin suna watsa ta, makaɗa suna wasa ƴan kokowa, kowane yaro ya san sunayensu da kirarinsu.

Ko a ƙwallon ma mun taɓa ɗanɗanawa. A watan Oktoba na 2010, da Mena, ƙungiyar ƙasarmu, ta doke Masar mai riƙe da kofin Afirka da ƙwallon Musa Ma'azu a filin Seyni Kunce, sannan ta samu zuwa gasar Afirka ta 2012 karon farko a ƙarƙashin Haruna Dula, waɗannan yaran masu rigunan Turai su ne suka cika titunan garin nan da babura suna kaɗa tutar ƙasa. Jangorzo kuwa ta ɗauki kofin gasar ƙasa a 1983, amma yau sai masu furfura irina ne suke tuna haka.

A bara na ɗauki ɗan ƙanena, wani mai mutuwar son Arsenal, na kai shi filin wasa don ya ga ƙwallon gida da idonsa. Mun zauna cikin rana fiye da sa'a guda kafin wani ya zo ya ce an ɗage wasan, ba tare da an sanar a ko'ina ba. A hanyar komawa ya ce mini, “Baba, su can ko minti ɗaya ba sa ƙarawa.” Ban sami abin da zan ce masa ba.

Saboda haka roƙona na farko gare ka ne, ya Edita. Shafinku na wasanni kusan kullum labarin Firimiya ne da La Liga, wanda masu karatu sun riga sun gani a wayoyinsu tun daren jiya. Ku ware ko da rabin shafi kowane mako ga gasar Nijar, ku buga jadawali da sakamako da teburi, ku sa hoton yaron da ya ci ƙwallo da sunan unguwarsu. Roƙona na biyu ga Alhazan Maraɗi ne, waɗanda Allah ya buɗa wa a kasuwanci: kuɗin da zai saya wa ƙungiya riguna da takalma, ya biya motar da za ta kai ta Damagaram ko Doso, bai kai ribar tirela guda ta kaya ba. Na tambayi mai rumfar unguwarmu ko zai nuna wasan Dan Kasawa idan ana watsa shi. Ya ce zai rubuta shi a saman allo, kuma ranar farko kyauta zai bar kowa ya shiga.

Wassalam.

Naka mai karatu,
Wani tsohon malamin makaranta,
Unguwar Zariya, Maraɗi