Wasiƙa a kan matar da ke jikin kwandalar Amurka

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan kana lafiya tare da iyali, na ga saƙonka inda kake tambaya a kan matar nan mai goyo da ke jikin kwandalar dala ɗaya da na aiko wa yara tsaraba. Sunanta Sakagawiya. A 2000 aka fara buga kwandalar, amma fuskar ba tata ba ce, domin babu wanda ya zana kamanninta tana raye.

'Yar ƙabilar Shoshone ce, ɗaya daga cikin ƙabilun asali na Amurka, an haife ta wajen 1788 a yankin da yanzu ake kira jihar Idaho. Tana da kimanin shekara 12 maharan ƙabilar Hidatsa suka kama ta suka tafi da ita garuruwansu a Dakota ta Arewa ta yau, inda ta ƙare a hannun wani mai fataucin fatu daga Kanada, Toussaint Charbonneau, a matsayin ɗaya daga cikin matansa biyu. Da shugaban Amurka Thomas Jefferson ya sayi yankin Louisiana daga Faransa a 1803, sai ya tura ayari ƙarƙashin wasu hafsoshin soja biyu, Lewis da Clark, su nemi hanya zuwa tekun Fasifik. Mijin suka ɗauka tafinta, amma harshen matar suke buƙata, saboda sun san sai sun sayi dawakai a wurin Shoshone kafin su iya haye duwatsu. Ta haihu a Fabrairun 1805, ayari ya tashi a Afrilu, wato da goyon ɗan wata biyu ta kama hanya.

A nan nake so ka lura, domin abin da aka fi yaɗawa shi ne wai ita ce ja-gaban da ta nuna musu hanya tun daga farko har bakin teku. Ba haka ba ne, don yawancin ƙasar da suka ratsa baƙuwa ce gare ta kamar yadda take gare su, sai a kusa da ƙasar haihuwarta ta gane wasu wurare, kuma a dawowa ta nuna wa Clark wata mashiga tsakanin duwatsu. Abin da ta yi da gaske ya fi burge ni. A Mayun 1805 iska ta kusa kifar da kwale-kwalensu, mijinta da ke riƙe da akala ya ruɗe, ita kuwa ta natsu ta tsamo takardu da magunguna daga ruwa. A Agusta suka iske Shoshone, tana cikin fassara sai ta gane cewa sarkinsu, Cameahwait, ɗan'uwanta ne da rabonta da shi tun ranar da aka sace ta. Dubi kuma yadda magana take tafiya a wajen cinikin dawakan: ta juya Shoshone zuwa Hidatsa, mijin ya mayar Faransanci, wani soja ya mayar Turanci. Clark da kansa ya lura cewa ganin mace da jariri a cikin ayarin yana kwantar da hankalin ƙabilun da suke tararwa, tunda mayaƙa ba sa fita da mai goyo.

Da aka dawo a 1806 an biya mijin dala 500 da 'yan kai, ita ko sisi ba ta samu ba. Sai bayan kusan shekara ɗari, lokacin da matan Amurka ke fafutukar neman 'yancin jefa ƙuri'a, aka tuna da ita aka kafa mata mutum-mutumi a birnin Portland a 1905, kuma a zamanin ne labarin ja-gabancin ya yi ƙarfi. Hatta rasuwarta ana saɓani a kai: wani akawun sansanin kasuwanci ya rubuta cewa matar Charbonneau ta rasu da zazzaɓi a Disambar 1812, wanda yawancin masana tarihi suka yarda da shi, amma a jihar Wyoming akwai kabarin da ake cewa nata ne, wai ta rayu har 1884. Ni na fi karkata ga 1812, domin a shekarar da ta biyo baya Clark ya karɓi riƙon 'ya'yanta biyu.

Ka ce wa yara su adana kwandalar, don a nan ma ba kasafai ake ganinta a hannun mutane ba. A gaida Hajiya da duk mutanen gida.

Wassalam,
amininka.