Masu zuwa jinya Masar, a gyara yadda ake riƙe kuɗi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da ma'aikatanka, ina roƙon ɗan fili a shafin wasiƙu.

Kusan kullum kuna kawo mana farashin dala a kasuwannin canji na Wapa da Zone 4, amma ba kasafai ake yi wa jama'a bayanin abin da ke biyo bayan sayen dalar ba, wato yadda mutum zai riƙe kuɗinsa idan jirgi ya sauke shi a ƙasar wasu, kuma zaman na watanni ne. Karatu ne ya kawo ni Alƙahira, kuma kamar ɗalibai da dama a unguwar Madinatu Nasr, nakan raka 'yan gida asibiti in yi musu tafinta. Mai zuwa jinya yakan taho da lissafin mako uku, likita ya duba ya ce sai an yi wata huɗu. Daga nan ne kuɗi ke zama ciwo na biyu.

Galibin mutanenmu hanya ɗaya suke tahowa da ita: dala tsaba, a ɗaure a ƙugu ko a ɗinke cikin jaka. Ban ga laifinsu ba. A shekarar 2022 bankunan Najeriya suka yi ta rage abin da katin naira zai iya kashewa a waje har ya koma dala 20 a wata, daga baya da yawansu suka rufe shi gaba ɗaya. Sai a tsakiyar 2025 wasu suka sake buɗewa, shi ma da iyaka. Wanda kati ya taɓa kunyata shi a gaban mai karɓar kuɗi a asibiti ba zai sake yarda da roba ba. To amma tsabar ma tana da nata sharuɗɗan da ba a faɗa wa mutane a gida.

Takardar dala ba duka ake karɓa ba. Na tsaya kusa da wani dattijo a kantin canji, ma'aikacin yana ɗaga takardun ɗaya bayan ɗaya a gaban fitila, yana ware wasu gefe: wannan tsohon bugu ce mai ƙaramin kai, wannan an buga mata ɗan hatimi da tawada, waccan ta ɗan yage a kusurwa. Dattijon na cewa ai kuɗi kuɗi ne, shi kuwa sai turo su yake ta ƙarƙashin gilashi. Duk wanda zai sayi dala a gida ya dage a ba shi 'yan ɗari-ɗari masu shuɗin zare, waɗanda aka fara fitarwa a 2013, ya duba kowace da idonsa kafin ya bar wurin. In kuɗin sun haura dala 10,000, doka ta ce a bayyana wa kwastam, a Najeriya wajen fita, a Masar wajen shiga. Bayyanawar ba haraji ba ce. Ɓoyewar ce ke sa a ƙwace.

Sai kuma gaggawar canzar da komai rana ɗaya don a huta. Ranar 6 ga Maris 2024 Babban Bankin Masar ya saki fam, kuɗin ƙasar, ya bar kasuwa ta yanke farashinsa, dala ta tashi daga kusan fam 31 zuwa kusan 50 a yini guda. Wanda ya canzar da dala 1,000 a banki ana gobe za a yi haka ya karɓi wajen fam 31,000, wanda ya jira kwana ɗaya ya karɓi kusan 50,000. Masar ba Saudiyya ba ce, inda dala ke ɗaure a kan riyal 3.75 tun 1986, alhaji ya canza yau ko bayan Arfa duk ɗaya. A nan, abin da zai ishe ka haya da cefane da magani na mako biyu ko wata shi za ka canza, sauran ka bar shi a dala.

Yanzu ga maganar da na san wasu abokaina ba za su ji daɗinta ba. Akwai tsarin da kowa ya sani: 'yan uwa su zuba naira a wani asusu a Kano ko Kaduna, wani ɗalibi ko ɗan kasuwa a nan ya miƙa fam. Yana da sauri, ya kuma ceci mutane lokacin da kati ya mutu, ni shaida ne. Amma amana ce zalla ke riƙe da shi, babu takarda ko ɗaya. Ba ka san asusun wa aka zuba kuɗin ba, ba ka san me ya shiga cikinsa jiya ba. Dokar banki ta Masar ta 2020 kuma ta tanadi ɗauri ga mai hada-hadar kuɗin waje ba ta banki ko kantin canji mai lasisi ba, kuma baƙo ba ya cikin waɗanda aka yafe wa. A farkon 2024, lokacin da kasuwar bayan fage ta ninka farashin banki, ana iya cewa kwaɗayi na da dalili. Tun da aka saki fam tazarar ta kusa ɓacewa, don haka mai ɗaukar kuɗin tiyata ya bi lungu yanzu kasada kawai yake saye. Banda haka, rasidin canji na da amfani: tun 2023 hukumomin Masar suka fara neman shaidar cewa kuɗin izinin zama an canza su ne daga kuɗin waje ta halastacciyar hanya. Mai jinyar da bizarsa ta kusa ƙarewa, ya doshi ofishin shige da fice na Abbasiyya, a nan zai san darajar ƴar takardar da ya yar a kwandon shara.

Shawarata ita ce kowa ya taho da hanya biyu. Tsaba daidai gwargwado, sannan asusun dala da katinsa, wanda 'yan uwa za su riƙa zuba wa kuɗi daga gida. A gwada katin tun kafin tafiya, a duba ranar ƙarewarsa, a sanar da banki ƙasar da za a. Abin da aka fi mantawa shi ne layin waya. Lambar tabbatarwa da banki ke turowa a layin Najeriya take sauka, mutum kuwa ya cire shi ya bar wa uwargida a gida, ko ya jefa a akwati har kamfani ya rufe. Na ga mai kuɗi a asusu yana neman rance saboda wannan kawai. Haka kuma idan na'urar cire kuɗi ta tambaya ko ta yi maka lissafi da dala, ka ƙi, ka zaɓi fam. Farashin da take bayarwa da kanta ya fi na bankinka tsada. Kowace cira tana da caji, saboda haka cira ɗaya mai kauri ta fi biyar ƙanana.

Kuma kada komai ya zauna a hannun marar lafiya shi kaɗai. Ranar da aka shiga da shi ɗakin tiyata, ko aka kwantar da shi ba ya iya magana, asibiti ba zai jira ya farfaɗo ya faɗi lambar sirri ba. Mai kula da shi ya san inda kuɗi suke, ya san lambar, a kuma rubuta abin da aka kashe a ɗan littafi, don rigimar da ke tashi tsakanin dangi bayan an koma gida takan fi ta asibitin zafi.

A ɓangaren Babban Bankin Najeriya kuma, akwai tanadin Form A, wato takardar neman kuɗin waje ta banki don kuɗin asibiti da na makaranta, akwai guzurin tafiya na PTA. Mutane nawa ne a Gumel ko Funtua suka san da su, balle takardun da ake nema? Bayanin duk da Turanci yake, a intanet. Edita, ina roƙon ku aika wakilinku ya zauna da jami'an banki, ya tambaye su dalla-dalla abin da mai fita jinya zai kawo da tsawon lokacin da zai jira, ku buga mana amsar da Hausa.

Na gode.

Naku,
Wani mai karatu,
Madinatu Nasr, Alƙahira