Addu'a ta bushe a bakina, 'yan coci kuma sun ɗauke ƙafa

Baba Fasto, gaisuwa cikin sunan Yesu Almasihu. Yaya aikin Ubangiji, yaya Mama da yara? Ina bin shirinka na Hausa a rediyo, shi ya sa na yi ƙarfin halin rubuto maka. Don Allah a sakaya sunana, ko da yake a zango ba a ɓoya, wasu za su gane ni.

Iyayena mutanen wajen Bawku ne, amma a Aboabo ta Kumasi aka haife ni, da Hausa na tashi kafin in iya Tonanci, yaren Asante. Sana'ata koko da ƙosai. Maigidana direban babbar mota ne, yana ɗauko tumatir daga Burkina ta kan iyakar Paga. A shekarar 2023 ya faɗi a tasha, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Likita ya ce hawan jini ne ya daɗe yana cinsa bai sani ba, har jijiya ta toshe a ƙwaƙwalwa. Katin inshorar lafiya ya ɗauke mana wani abu, sauran kuwa, hoton kai da wasu magunguna da kuɗin mota zuwa gashin ƙashi, daga tukunyar koko suke fita. Ka san yadda Ghana take a lokacin: a Disambar 2022 hauhawar farashi ta haura kashi 54 cikin ɗari, gero da wake da mai duk sun fi ƙarfin talaka. Yayata da nake jingina da ita, shagonta na cikin waɗanda suka ƙone a gobarar kasuwar Kejetia a watan Maris na 2023. Komawa gida kuma ba zance ba ne, da rikicin Bawku da dokar hana fita, wa zai ɗauki mara lafiya ya nufi can?

Ba kuɗi nake roƙo ba, Baba. Abin da ya dame ni daban ne.

Da farko 'yan cocinmu sun yi ƙoƙari, ba zan ci haƙƙinsu ba. Dattawa sun zo sun shafa masa mai sun yi addu'a, kamar yadda wasiƙar Yakubu ta ce a yi. Matan zumunta sun kawo sabulu da shinkafa, an yi azumi dominsa, an tara mana baiko. Kowa yana cewa kafin Kirsimeti zai tashi ya ba da shaida da bakinsa. Kirsimeti ta zo ta wuce, bai tashi ba. Daga nan ƙafa ta fara ɗaukewa. Yanzu sai dai saƙo a WhatsApp, hoton hannu biyu a haɗe da "muna addu'a". Ni kuwa da na sani zumunci a ƙafa yake.

Bari in gaya maka yadda asubata take, ko ka gane abin da nake nufi da ƙafa. Kafin ladanin masallacin layinmu ya yi kiran farko na tashi. Sai na juya shi, na canza zanen da ya jiƙa, na duba bayansa da ƙugunsa kada gyambon kwanciya ya fito. Mutum ne mai jiki, in zan zaunar da shi sai na sa kafaɗata a hammatarsa na tokare gwiwa da gado, wani lokaci mu zube tare. In na wanke shi yakan juya fuska bango, don kunya, mutumin da ya saba tuƙa mota kwana da kwanaki. Sannan in tace gasara, in hura wuta, in kai wake inji. Abin da nake bukata a wannan sa'ar ba wa'azi ba ne. Hannu biyu ne na wani namiji da zai kama min shi.

Waɗanda suke zuwa har yanzu, da bayani suke zuwa. Wata babba a zumuntarmu ta zauna a bakin gadon, a gabansa, yana ji, ta ce min: "Ƙanwata, ki binciki kanki. Irin wannan ba ya sauka haka kawai. Ko akwai zakkar da aka ci, ko wani abu daga gidan iyayensa da ba a karya ba." Bakinsa ne ya mutu, Baba, kunnensa lafiya lau. Na ga hawaye yana gangarowa ta gefen da ya shanye. Na so in tuna mata makahon nan na Yohanna 9, wanda almajirai suka tambaya ko zunubin wa ya jawo, Yesu ya ce ba nasa ba ne, ba na iyayensa ba. Amma ta girme ni, sai na ce mata na gode.

Tun daga ranar nake yawan komawa kan Ayuba. Abokansa uku, Elifaz da Bildad da Zofar, sun zauna da shi a ƙasa kwana bakwai dare da rana ba wanda ya ce uffan. A ganina nan ne kawai suka yi abin kirki. Da suka buɗe baki sai tuhuma, kuma a ƙarshen littafin da su Allah ya yi fushi, ba da Ayuba mai ƙorafi ba. Me ya sa a coci ake ta yabon haƙurin Ayuba, ba a taɓa wa'azi a kan laifin abokansa?

Ita wannan baiwar Allah yanzu ta matsa min in kai shi wani sansanin addu'a a bayan gari, wurin wani annabi. Ba na raina hawa dutse don addu'a. Mutane da yawa daga Kumasi suna zuwa Dutsen Atwea su kwana suna neman fuskar Allah, su dawo da ƙarfin zuciya, ni ma ina budurwa na je. Amma wannan wurin da take faɗa, sharaɗinsa a ajiye maganin asibiti, a yi azumi ba ci ba sha, a sayi man zaitun da ruwa a hannunsu, ban da kuɗin ganin annabin. Likita ya gaya min ƙarara cewa in aka bar maganin hawan jini, shanyewar jiki ta biyu na iya zuwa, kuma takan fi ta farko muni. Da na faɗa mata haka sai ta ce: "To ki zaɓa, likita ko Yesu." Maganar nan ta hana ni barci. Ashe ba a haɗa su? Luka da ya rubuta bishara ba likita ba ne?

Ga wani abin da zai ba ka mamaki, ko kuma ba zai ba ka ba tunda ka san zaman zango. Wadda ta fi tsaya min ita ce Hajiyar da muke haya a gidanta. In ɗanta ya dawo daga sallar asuba takan turo shi ya kama min maigida. Ranar gashin ƙashi ita ke zama a kan teburin kokona ta sayar, ta ƙirga min kuɗina cif. Kuɗin haya in ya makara ba ta ɗaga murya. Ta taɓa kawo rubutu a kwalba ta ce a ba shi, na ce Hajiya ki yi haƙuri, addininmu bai ba mu wannan ba. Ta ce ba komai, Allah ya ba shi lafiya, washegari ɗanta ya zo kamar kullum. Har wannan ma an sami mai cewa a coci wai na jingina da waɗanda ba namu ba, shi ya sa warkarwa ta tsaya. Wanda ya faɗa bai taɓa ɗaga min ko bokiti ba.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ni kaina. Addu'a ta bushe a bakina. In na durƙusa sai in ji ba abin da zan ce, wani lokaci barci ya kwashe ni a durƙushe, wani lokaci fushi ne ke tasowa, fushi da Allah kansa, sai in tashi da sauri kada in yi saɓo. Zabura 88 kaɗai nake iya karantawa, wadda mai ita yake cewa an nisanta abokansa da shi, kuma ta ƙare a cikin duhu ba tare da ya ga sauƙi ba. Ranar Lahadi in aka zo lokacin shaida, masu tashi duk masu nasara ne: wannan ya sami biza, wannan ta haihu, wancan ya warke. Wanda nasa bai warware ba, ba shi da wurin tsayawa. Shi ya sa na fara zama a gida, in ce saboda jinya ne, alhali ba duka ba ne. Abin mamaki, shi mara lafiyan ya fi ni. Bai iya haɗa jimla, amma in 'yarmu ta ɗauko waƙar yabo, sai ka ji yana binta, har kalmomi suna fita.

Tambayoyina ke nan, Baba. Wannan shirun da fushin da nake ji, faɗuwa ce daga bangaskiya, ko har yanzu ina ciki? In na ƙi kai shi sansanin nan na ci gaba da ba shi magani, na kasa ne a wurin Allah? Yaya zan amsa wa waccan babbar ba tare da na yi mata rashin kunya ba, domin in ta sake irin wannan magana a gabansa ban san abin da zai fito daga bakina ba.

Sai kuma wadda ta fi min wuya. Ina so in je wurin fastonmu in ce masa a fili: a ba ni maza biyu da za su riƙa karɓa-karɓa da asuba, da mace ɗaya da za ta zauna da shi ranar Lahadi in je sujada, da wadda za ta yi addu'a a madadina tunda ni na kasa. Amma duk lokacin da na shirya sai in ji kamar bara zan je yi, bayan sun riga sun tara mana kuɗi sau ɗaya. Shin daidai ne Kirista ya roƙi irin wannan da bakinsa, ko in jira har Allah ya taɓa zuciyarsu? In daidai ne, da wane lafazi zan fara?

Ina jiran amsarka a shirin. In zai yiwu ka yi ta da Hausa mai sauƙi, domin zan kai rediyon kusa da gadonsa shi ma ya ji, musamman maganar cewa zunubinsa ne ya kwantar da shi.

'Yarka cikin Almasihu,
Mai koko daga Aboabo, Kumasi