Godiya ta musamman ga Alhaji mai shagon kayan kyamara na Beirut Road

Assalamu alaikum Alhaji, da kai da yaran shagonka guda biyu. Na ce bari in yi godiyar nan a bainar jama'a, don in na zo shago ina fara magana sai ka ce haba Malam ai ba komai, ka katse ni.

Ni dai ba mai hoto ba ne na sana'a, malamin makaranta ne, sha'awa ce kawai ta kama ni. Kyamara Canon 1300D gare ni ta hannu, da ɗan lens ɗin da take zuwa da shi 18-55, wato gilashin da ake ɗaura mata a gaba, kuma shekara biyu cur a tsohuwar jakar makarantar ɗana nake yawo da ita na naɗe da tawul. Har ranar da na je karofin Ƙofar Mata, na durƙusa zan ɗauki wani dattijo yana tsamo yadi daga baba, zif ya ɓalle, murfin lens ya gangara ina kallo ya faɗa karofi tsulum. Allah Ya sa ba kyamarar ba ce. Ranar na san wasan ya isa haka.

Da na ɗauki adashi sai na taho wajenku da niyyar farin lens ɗin nan 70-200 f/2.8 da nake gani a hannun masu ɗaukar biki, wallahi har mafarkinsa nake. Wani ne da tuni ya ƙirga kuɗinsa ya sa a leda, amma kai sai ka tambaye ni wai me nake ɗauka, na ce dawakai lokacin hawa da tsofaffin gine-gine da yarana, ka ɗaura min shi a kyamarata ka ce in ɗaga a ido in tsaya. Ko minti biyar ban yi ba hannu ya fara rawa, ashe abin kusan kilo ɗaya da rabi ne. Ka yi dariya ka ce to Malam haka za ka wuni a rana cikin turmutsitsi? Sannan ka ɗauko 55-250 wanda bai kai rabin kilo ba, ka yi min bayanin da ban taɓa ji ba, cewa irin kyamarata sensa ɗinta, wato abin da ke kama hoton a ciki, ƙarami ne, duk lambar lens da ke nuna yadda yake jawo nesa kusa sai an ninka da 1.6, wato 250 ɗin nan kamar 400 yake a babbar kyamara. Canjin da ya rage ka ce in ƙara da 50mm f/1.8 saboda hoton fuska da kuma bayan magariba in haske ya yi ƙasa. Ka kuma gaya min gaskiya cewa a ƙaramin ɗaki 50mm ɗin zai matse ni, haka kuwa aka yi, ranar sunan ɗiyar ƙanwata ina ja da baya ina ja da baya sai da na bugi bango, mata suna ta min dariya.

Maganar jaka kuma ai korata kuka yi, wai in koma gida in kwaso duk tarkacena tukun. Na ji haushi a lokacin gaskiya, ga rana ga kuɗin adaidaita. Da na dawo ƙaramin yaron nan naka ya zauna a ƙasa yana ciccire katangun soson cikin jakar yana sake manna su, har kowane lens ya samu gurbinsa ba ya motsi, ya bar wajen caja da batir, ya goya min ita ya ja igiyar ƙugu ya ce nauyin a nan ya kamata ya zauna ba a kafaɗa ba. Wadda ya zaɓar min ta baya ake buɗe ta, wajen da ke manne da gadon bayana, da na je hawan Sallah a Zariya cikin cunkoson ƙofar fada hankalina kwance, mai yankan aljihu sai dai ya shafa. Kuma daga inda na tsaya na samu jahi har kumfar bakin doki ta fito.

Ƙaramin yaron nan ne ma ya koya min kar in canza lens a waje lokacin hazo, in dole ce in kifa bakin kyamarar ƙasa, in hure ƙura da ɗan famfon roba kar in goge da bakin riga yadda na saba. Da damina kuma kar in bar kaya su kwana a jiƙaƙƙiyar jaka saboda fumfuna na cin gilashi, ya zuba min 'yan ƙunshin silika masu tsotse danshi kyauta, ya nuna min rigar ruwan jakar da ke ɓoye a ƙasanta, da ban san da ita ba sai in shekara.

Ƙorafi ɗaya dai Alhaji, a ƙaro benci, mun sha tsayuwa. Allah Ya ƙara buɗi, Ya yi wa yaran nan albarka. Ƙafar kyamarar nan da na gani a lungu a ajiye min ita, in an yi albashi ina nan tafe in sha Allah.

Naku,
Malamin nan mai jakar makaranta