Wasiƙa daga bakin fadamar Haɗejiya

Kirikasamma, Jihar Jigawa

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata iyali na lafiya. Ka nemi in fayyace maka yadda za ka koya wa ɗalibanka manyan muhallan halittu na tudu da na ruwa. Kada ka sa su haddar sunaye. A tudu abu uku ke yanke hukunci: yawan ruwan sama, zafi, da tsawon rani.

Inda ruwa ya haura milimita 2,000 a shekara, kurmi ne, irin na Amazon da Kwango. Ana ɗauka ƙasarsa ta fi kowace albarka, alhali takin yana jikin itatuwa da ruɓaɓɓen ganye ne. In aka sare aka yi noma, cikin 'yan shekaru ruwa ya wanke ta. Mu a Kano da Jigawa yankin ciyawa ne da itatuwa jefi-jefi, rani ya fi damina tsawo nesa ba kusa ba. Shi ya sa kuka ke ajiye ruwa a gangar jikinta. Gawo kuwa bauɗaɗɗe ne, da damina yake kaɗe ganye, gero ya sha rana a gindinsa. Inda ruwan sama bai kai milimita 250 a shekara ba, hamada ce. A arewacin Rasha da Kanada sanyi ne sarki: dajin itatuwa masu siraran ganye, gaba da shi kuma fili fetal inda ƙasa ke daskare, saiwa ba ta nutsawa, itace ba ya tsayuwa.

A ruwa kuma gishiri ake dubawa, da zurfi, da gudu. Teku ya rufe kashi 71 cikin 100 na doron duniya, kowace lita da gishiri kusan giram 35, kuma hasken da tsiro ke buƙata bai wuce zurfin mita 200 ba.

Amma misalin da ya fi shiga kai shi ne fadamarmu ta Haɗejiya zuwa Nguru. Rayuwarta ambaliya da janyewa ce: ruwa ya malalo, kifi ya hayayyafa, a shuka shinkafa, ya janye a yi noman rani, makiyaya su shigo. Har tsuntsayen Turai na sauka a Baturiya lokacin hunturu. Bayan madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ruwa ya koma kwanciya rani da damina a wasu hanyoyinsa, kachalla, wata doguwar ciyawar ruwa, ta samu wurin zama. Ta toshe magudanai, ta zama maɓoyar tsuntsayen jan-baki masu cinye hatsi. Ƙona ta aikin banza ne, don saiwar na raye cikin laka. Sai an yanke ta ƙasa da saman ruwa, ruwan ya rufe kututturen ya hana shi iska, a kuma maimaita in ta tofo.

Ka gaida Malama da yara. In ka zo hutun Sallah ka taho da takalmin roba, mu shiga ka gani.

Naka amini.