Rahoton Ayyukan Shekara: Abin da Muka Koya a Wajen Masassaƙan Indiya

Assalamu alaikum 'yan uwa membobi. Ga bayanin abin da ƙungiyarmu ta ɗalibai masu sha'awar sana'ar katako a nan Indiya ta gudanar a bana.

Babban aikinmu shi ne ziyarar Saharanpur a jihar Uttar Pradesh, garin da ya yi suna wajen sassaƙar katakon shisham. Mun wuni a rumfar wani dattijo yana zaune a ƙasa, ya danne allo da yatsun ƙafa, yana huda shi da ɗan kurfi har ganye da furanni suka fito, haske na ratsa su. A gefensa wani yaro yana tsaga siririn layi a jikin katako, ya cusa wayar tagulla, ya bi ta da guduma a hankali har ta kwanta. Wallahi ko da yatsa ka shafa ba za ka ji mahaɗin ba.

Mun yi zaman karatu kan kujerun baƙin katako, ɗan uwan kanya, waɗanda aka sassaƙa a gaɓar tekun Koromandel, kudu maso gabashin Indiya, a ƙarni na 17. Turawan Ingila sun daɗe suna ɗaukarsu aikin kakanninsu ne, alhali hannun Indiyawa ne. Mun kuma taɓo teburan birnin Bishakafatnam na ƙarni na 18 masu adon hauren giwa. Tun da aka hana cinikin haure tsakanin ƙasashen duniya a 1989, masu irin wannan ado a garin Hoshiyarpur roba suke sakawa.

Inda muka yi kuskure shi ne gyaran tsohuwar adakar da ƙungiya ta saya. Gara ta ci ƙasanta, muka kai wa wani mai gyara ba tare da mun tsaya a kansa ba. Ya kankare tsohon launin tas, ya buga ƙusoshi inda asali haɗin tsaga ne, ya shafe ta da man sheƙi. Laifinmu ne mu shugabanni, kuma abin yana damuna har yau. Daga yanzu ba a taɓa tsohon kaya sai an ɗauki hotonsa, kwamiti ya amince.

Tafiyar Srinagar don ganin sassaƙar katakon bishiyar walnut ta Kashmir ba ta yiwu ba, asusu bai kai ba. Mun mayar da ita baɗi. Masu bashin kuɗin wata, don Allah a ga ma'aji kafin taro na gaba.

Sakataren ƙungiya