Rahoton Ayyukan Shekarar 2025 ga Mambobin Ƙungiyarmu ta Manchesta da Kewaye

Assalamu alaikum, iyayenmu, yayye da ƙanne.

Kwamitin gudanarwa na gabatar muku da abin da aka yi a bana. Lissafin kuɗi yana hannun ma'aji, zai raba shi a takarda daban.

Aikin da ya fi cin ƙarfinmu shi ne na 'yan'uwanmu masu aikin kula da tsofaffi da marasa lafiya, waɗanda aka soke wa kamfanoninsu lasisin ɗaukar nauyin baƙi. Gwamnatin Birtaniya da bakinta ta ce tsakanin Yulin 2022 da Disambar 2024 ta soke irin wannan lasisi sama da 470 a fannin, abin ya shafi ma'aikata fiye da 39,000. Namu suna ciki. Idan wasiƙar Ma'aikatar Cikin Gida ta iso, yawanci kwana 60 ake ba mutum ya samo wani mai ɗaukar nauyi ko ya tattara ya tafi. Wata 'yar'uwa ta zo gidan sakatare bayan sallar isha, rigar aikinta na jikinta, ta miƙa wayarta ba ta ce komai ba. Wasiƙar ta yi kusan wata a akwatin saƙonta ba ta buɗe ba, don tsoro. An sayar da filin gado a gida kafin ta zo. A daren muka zauna aka gyara mata takardar neman aiki, washegari aka haɗa ta da ofishin yankinmu mai nema wa irinta gurbi. Allah ya sa ta samu kafin wa'adi ya cika. Akwai waɗanda ba su samu ba, asusun agaji ne ya riƙe musu haya da abinci, wasu kuma muka raka su filin jirgi.

Dokar 9 ga Afrilu ta ɗan taimaka, domin ta tilasta wa kamfanonin kula da tsofaffi a Ingila su fara duba waɗanda suka rasa aiki a nan kafin su ɗauko wani daga waje. Amma tun 22 ga Yuli an rufe ɗauko ma'aikatan wannan fanni daga ƙasashen waje gaba ɗaya. Muna roƙonku, don Allah, ku isar da wannan gida. Har yanzu dillalai suna karɓar miliyoyin naira a Kano da Kaduna da sunan za su samo takardar ɗaukar nauyi. Kuɗin takardar fam 525 ne, kuma kamfani ne zai biya, doka ta hana shi ɗora wa ma'aikaci. Duk wanda ya ce wa ƙaninka ya kawo kuɗi a kawo shi aikin kula da tsofaffi, damfara ce. Mu da ke nan muna da alhaki, domin hotunan da muke turawa gida su ne suke sa yara ɗoki, ba ma nuna musu aikin dare na awa 12.

Mun kuma yi zaman taimaka wa mambobi komawa bizar intanet, tunda katin zama na roba ya ƙare aiki ranar 31 ga Disambar 2024. Matasanmu sun yi ƙoƙari sosai, suka zauna da dattawa ɗaya bayan ɗaya har kowa ya iya fitar da lambar shaidar izinin zama da mai gidan haya ko wurin aiki ke nema. Allah ya yi musu albarka.

Maganar mayar da shekarun samun izinin zama na dindindin daga 5 zuwa 10, wadda gwamnati ta fito da ita a watan Mayu, ta tayar da hankalin da yawa. Kwamiti na bin ta, kuma muna ba da shawara kada kowa ya yanke hukunci kan jita-jitar WhatsApp. A nemi lauya mai rajista.

Ajin Hausa da karatun allo na ranar Asabar ya ci gaba, sai dai malamai sun yi ƙaranci. Yaran da suka fara suna amsa gaisuwa da Turanci yanzu suna durƙusawa su ce ina kwana. Walimar Sallah ƙarama da babba duk an yi lafiya, mun gode wa iyayenmu mata da suka kwana kan tukunya.

Sanyi ya shigo, a Disamba rana na faɗuwa kafin ƙarfe 4 na yamma. Hukumar lafiya ta NHS na ba masu baƙar fata shawarar shan bitamin D duk shekara. Sannan ku riƙa leƙa waɗanda suka zo su kaɗai, musamman ma'aikatan kula da tsofaffi da dokar Maris 2024 ta hana su tahowa da iyali. Kaɗaici yana cin mutum a ƙasar nan fiye da yadda muke faɗa.

Asusun agaji ya yi ƙasa ƙwarai, kuma akwai masu bashin kuɗin wata-wata. Wanda ke da hali ya biya kafin taro mai zuwa, wanda ba shi da hali ya sanar da ma'aji a asirce, ba za a ji ba. A taron ne kuma za a zaɓi sabon kwamiti, muna so mata da matasa su fito takara.

Wassalam,
Sakatare, a madadin Kwamitin Gudanarwa